Daga Maraɗi zuwa Tsibiri: Wa Ke Koya wa Malam Koyar da Karatu?

Wanda ya bar Katsina da hantsi, in hanya ta yi kyau kuma masu duba takardu ba su riƙe shi ba, zai yi azahar a Maraɗi. Ka bi hanyar Jibiya, ka tsaya a Magama, ka tsallaka Ɗan Isa a sake dubawa, daga nan kwalta ta miƙe arewa cikin gonakin gero da itatuwan gawo. Tazarar duka ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe bai sauya ba, tuwo bai sauya ba, sai kuɗi da kakin jami'ai. Lokacin sanyi ne, an gama girbi, ko'ina ka duba kara ne a tattare a bakin gona.

'Yan cikin motar sun ɗauka fatauci ya fito da ni, don Maraɗi garin Alhazai ne. Ni kuwa wani tsohon abokina na je gani, wanda aikinsa zagaya makarantun firamare yana ba malamai shawara kan koyarwa. A can konseye suke ce wa mai wannan aiki. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare a gefenmu, daga baya na koma horar da malamai, saboda haka da ya ce in zo in ga yadda suke fama da koyar da karatu da rubutu, ban jira ya maimaita ba.

Maraɗi ba baƙon wuri ba ne ga Bakatsine. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinsu a nan bayan jihadi ya fitar da su daga birni, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu, shi ya sa titunan yanzu suke a miƙe. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan mai masaukina, aka kawo fura, aka yi gaishe-gaishe. Hirar da ta kawo ni ba ta fara ba sai bayan isha'i, kuma da lissafi ya buɗe ta.

A 2014, in ji shi, an yi wa ɗaliban ƙasashe goma masu amfani da Faransanci gwajin da ake kira PASEC. A Nijar, cikin yaran ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da aka sake a 2019 sun kai wajen uku cikin goma. An ci gaba, amma bakwai na nan a baya. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Burundi, ƙasar da ba ta fi Nijar arziki ba, wadda yaranta na ƙananan azuzuwa suka yi zarra a gwajin 2014. Da Kirundi, harshen gida, suke fara karatu.

Sai ya zo kan malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta so ta sa yara da yawa a lakwal, wato makarantar boko, ga kuɗi kaɗan, ga haihuwa da yawa, don kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Aka shiga ɗaukar 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, a kan ɗan abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, wasu da horon 'yan makonni kawai. Sannu a hankali su suka zama mafi yawa a firamare. A Yulin 2017, zamanin da Daouda Mamadou Marthé yake ministan ilimin firamare, aka yi musu jarrabawa a duk faɗin ƙasa, ƙungiyoyin malamai na adawa. Kusan ɗaya cikin uku ne ya samu rabin maki. Na ce abin da ban tsoro. Ya ce da ban tsoro, amma ba malamai suka ɗauki kansu aiki ba, kuma yaron da ya fita firamare bai iya karatu sosai ba, shi ne ya dawo bayan shekara goma da alli a hannu.

Makarantar horon malamai ta jihar Maraɗi sunan Bawa Jan Gwarzo take ɗauke da shi, Sarkin Gobir na Alƙalawa wanda ya yi zamani da Shehu Usmanu. Tana da 'yan'uwa a sauran jihohi, irin su Askiya Muhammad a Damagaram da Mali Bero a Doso da Kawusan a Tawa. Shekaru da dama mai takardar BEPC, wato wanda ya gama aji huɗu na kwalej, yana iya shiga irin waɗannan makarantu ya fito malamin firamare. Na zauna da wasu samari masu koyon aikin malanta a wata fada, inda ake dafa shayi ana kaɗa shi har ya yi kumfa. Na miƙa wa ɗaya takarda na ce ya rubuta mini "ciwon kai" da "jirgi" da "ƙauye". Ya rubuta na farko da tch, na biyu da dj, na uku da k marar ƙugiya da ou a tsakiya. Abokansa suka duba suka ce daidai ne. Ba laifinsa ba ne: haka ake rubuta sunayen garuruwa a allunan bakin hanya, haka suke rubuta wa juna saƙo a WhatsApp. Yaron ya iya Hausa fiye da ni ta wajen zaƙin baki, amma bai taɓa zama ajin da aka koya masa rubuta ta ba.

Ga shi kuwa Nijar ba ta makara ba wajen tunanin wannan abu. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka tun 1964 yana kiran a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake farawa da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1 ga Yunin 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, a 1999 kuma aka fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa a hukumance. Takardu sun cika. Sai dai makarantun gwajin sun shekara arba'in da wani abu ana ce musu gwaji.

Mun kuma je Tsibiri, wadda take arewa maso yamma da Maraɗi, kamar kilomita 12, kan hanyar da ta nufi Gidan Rumji. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali, Gobirawa suka kafa wannan gari a ƙarƙashin Mayaƙi, kusa da 'yan'uwansu Katsinawan Maraɗi. Har yau Sarkin Gobir na nan da fadarsa, da Inna, da dogarai. Mun biya ƙofar fada muka yi gaisuwa ga waɗanda muka tarar, don ba a shiga garin sarauta a wuce kai tsaye. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Tsibiri ta daɗe da ganin karatun boko na Hausa. Mishan ɗin SIM sun zauna a nan tun ƙarshen shekarun 1920, kuma da Hausa suke koyar da karatu, a lokacin da lakwal ɗin Faransawa ke rataya wa yaro sambol a wuya in an kama shi yana magana da harshen uwarsa.

Abin da ya kai mu shi ne zaman CAPED. Malaman makarantun da ke kusa da juna ne ke taruwa a ɗaya daga ciki, wani ya koyar da darasi a gaban 'yan'uwansa da yara na gaske, in an sallami yaran a zauna a yi masa gyara. A ranar wata matashiyar malama ce ta karɓi ajin CI, wato aji ɗaya. Yaran sun haura saba'in, a zaune kan tabarmi, kowa da ɗan allon hannu da suke kira ardwaz.

Ba ta fara da rubutu ba. Ta rufe leɓɓanta ta ja sautin m, ta ce su yi. Sannan ta ce kowa ya kawo abin da sunansa ya fara da wannan sauti. Aka yi ta jefowa: masara, mota, mangwaro, mage. Wani ya ce rago, aka yi dariya, ta ce ya sake saurarawa da kyau, ta ja kalmar a hankali har shi da kansa ya girgiza kai. Sai a nan ta juya ga babban allo ta rubuta baƙin, ta nuna musu inda hannu ke farawa da inda yake ƙarewa, suka yi a iska, suka yi a ƙasa da yatsa, suka yi a ardwaz. Ta buga tebur, duk suka ɗaga sama, ta bi da ido ta ga wanda ya juya harafin. Daga nan ta haɗa shi da wasulan da suka riga suka sani: ma, mi, mu. Ta yi ita kaɗai, suka yi tare, ta bar su su yi. Kafin a tashi wasu sun karanta kalmomi biyu uku da ba su taɓa gani a rubuce ba. Ka ga fuskar yaro a lokacin da ya gane cewa waɗannan zane-zane sunan wani abu ne da ya sani a gidansu, ka ga abin da ya hana wasunmu barin wannan aiki.

Da aka zauna gyara, wani dattijon malami ya ce shi bai ga amfanin wannan wahala ba. "Mu da Faransanci munka koya, kuma ga mu." Abokina bai yi gardama ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma ku nawa kunka shiga CI tare, ku nawa kunka kai kwalej?" Dattijon ya yi shiru yana ƙirga da yatsu, ya yi murmushi, ya ce a ci gaba.

Sai abokina ya yi wani abu da na ga ya fi duk laccar da na taɓa yi. Ya sa aka dawo da yara biyar daga wani aji na gaba, waɗanda malaminsu ya ce sun iya. Ya nuna musu layin gaɓoɓi a allo, suka rera shi tiryan-tiryan. Ya goge, ya sake rubuta gaɓoɓin nan dai amma ya hargitsa jerinsu. Uku daga cikinsu suka rera na farko kamar ba a taɓa allon ba. Haddace waƙar suka yi, idonsu bai ga komai ba. Wannan ita ce babbar cutar ajin da ya cika: malam ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, wanda ya wuce ta taga ya ce karatu ya kankama. Maganin da yake koya wa malamai ba ya cin ko dala. A ɗauki yaro ɗaya, a ba shi rubutun da bai taɓa gani ba, a duba agogo minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan a tambaye shi abin da labarin ya ce. Malamin da ya yi wa yara biyar haka kowace rana, cikin mako uku ya san ajinsa kaf.

Akwai wata matsala da ba ta cikin littafin jagora, kuma sai a wuri irin Tsibiri ake jin ta. Bagobirin yaro "tahi" yake cewa, littafi ya rubuta "tafi". Yana cewa "hwari", littafi ya ce "fari". Yana cewa "munka", littafi ya ce "muka". Malamin da ba a shirya ba zai ce wa yaro ya yi kuskure, ya koma yi masa da Hausa abin da aka yi wa kakansa da Faransanci. Shawarar da aka tsaya a kai a zaman ita ce a gaya wa yaro gaskiya: haka muke faɗi a nan, kuma daidai ne, ga kuma yadda aka yarda a rubuta don na Kano da na Damagaram su karanta. Ragowar lokacin a kan baƙaƙe masu ƙugiya ya tafi. Malamai manya suna fitowa allo ɗaya bayan ɗaya suna bambanta kafa da ƙafa, baki da baƙi, ana tafa wa wanda ya ci. Su ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y, bambancin da ba zai hana kowa barci ba.

Da magariba muna komawa masauki muka wuce wata makarantar allo a ƙofar gida. Na tsaya. Ƙananan suna kan babbaƙu, suna kiran haruffa da sunayen da Hausawa suka laƙaba musu tun kaka da kakanni. Na gaba da su suna farfaru, suna ɗora wasali a kan baƙi. Na gaba kuma sun fara haɗawa. Ba wanda ake wanke wa allo sai ya biya wa malam shi kaɗai, kuma gardi na kula da na ƙasa da shi. Na ce wa abokina, abin da ƙwararru ke zuwa daga Turai da Amurka su koya mana a otal, ga rabinsa nan a kan buzu: baƙi kafin wasali, wasali kafin haɗi, kowane yaro a matakinsa. Ya ce rabi dai. Ɗaya rabin shi ne fahimta, don almajiri zai iya shekaru yana karanta abin da ba a fassara masa ba tukuna, lakwal kuwa ta kwaikwayi wannan ɓangaren ta bar wancan. Ban da abin cewa.

Jiratawa tana kudu da Maraɗi, kan hanyar da na shigo. Gari ne na noman rani. Ruwan famfo na bin magudanan siminti cikin fadama, ga zogale kore shar a tsakiyar rani, ga albasa da tumatir, mata na tsinkar ganye ana cika buhuna zuwa kasuwa. A wani ƙauye na kusa muka shiga ajin zana. A nan na gane amfanin karan da na gani a hanya. Ana buɗe makarantu a Oktoba, amma ajin kara ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu abin ginawa, in damina ta faɗi da wuri kuma a watse. Yaron irin wannan aji ya yi asarar makonni a farkon shekara da ƙarshenta, kuma babu inda malam zai manna haruffa a bango su kwana. Ga haɗari. A ranar 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a wata firamare cikin garin Maraɗi, yara fiye da 25 suka rasu, watanni bakwai bayan irinta a Yamai ta kashe kimanin 20. Allah ya jiƙansu. Malamin da muka tarar ya ajiye ajinsa da ƙofa biyu, ya ce tun daga ranar bai yarda da ƙofa ɗaya ba.

A kwalej ɗin da muka leƙa, malamin Faransanci na ajin farko ya ce shi an shirya shi ne ya koyar da nahawu da sharhin rubutu, sai ya tarar kashi mai yawa na ajin suna tuntuɓe a kan gaɓa. Malaman kwalej da suka bi ta babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Yamai darasinsu suka karanta, da yawa kuma 'yan kwantaragi ne ko 'yan bautar ƙasa da suka fito daga jami'a kai tsaye. Ba wanda ya zaci za su koma koyar da baƙi da wasali. Abin da yake yi shi ne ya ware awa ɗaya da yamma, ya raba yaran bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba: masu harafi, masu kalma, masu jimla. Dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito, kuma ta shigo firamaren Nijar ta shirin da Japan ke tallafawa na kwamitocin iyaye, wanda ya faro a jihar Tawa a 2004. Shi a wurin wani malamin firamare ya gani ya ɗauka.

Shirye-shirye dai ba a rasa ba. Bankin Duniya ya amince da shirin LIRE a 2020 da dala miliyan 140. A gefenmu an yi RANA a Katsina da Zamfara, an yi Mu Karanta a Sakkwato da Bauci. Na halarci bita iri-iri a rayuwata, na kuma shirya wasu, saboda haka ina da bakin magana. Bitar mako ɗaya a babban gari, da kuɗin mota da takardar shaida, ba ta sauya abin da malam zai yi ranar Litinin da safe. Manomin Jiratawa ba ya kwarara wa zogale ruwan wata guda a rana ɗaya ya tafi gida. Kaɗan-kaɗan yake ba shi, a kai a kai. Abin da na ga yana aiki shi ne mutum irin abokina ya shiga aji, ya zauna a baya, ya ga darasi, ya gyara abu ɗaya tak, ya dawo ya ga ko an gyara. Shi kuwa makarantun da ke wuyansa sun fi ƙarfin babur ɗaya, kuma sau da yawa man daga aljihunsa yake fita. In da za a raba kuɗin bita gida biyu a ba masu zagayen nan rabi, da an ga bambanci.

A Maris ɗin 2025 kundin da shugabannin Nijar suka sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi na Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa, aka koma Ingilishi tun daga tushe. Maƙwabta biyu, kowa ya nufi gabansa. A ganina Nijar ce ta kama hanya, amma sanarwa ba ta koya wa saurayin nan na fada inda ake sa ƙugiya. Sai an sa rubutun Hausa da koyar da karatu sun zama darasin da ɗalibin malanta ba zai fita ba sai ya ci, kuma a gwada shi a gaban yara, ba a kan takarda kaɗai ba.

Saura abu ɗaya, kuma wannan namu ne, mu masu rubutu. A duk azuzuwan da na shiga ban ga littafin labari ko ɗaya da yaron aji ɗaya zai iya karantawa da kansa ba. Yaro ya koyi haɗa baƙi, ya juya, babu abin karantawa sai allon da za a goge. Kasuwannin Kano da Maraɗi cike suke da littattafan Hausa na manya. Marubutan Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, ku rubuta wa 'yan shekara bakwai: shafi takwas, manyan haruffa, gajerun jimloli, ƙugiya a inda take, labarin akuya ko kasuwa ko gulbi, a farashin da uwa mai sayar da ƙosai za ta iya biya.